Yini Ɗaya a Kaduna: Yadda Mai Koyon Aikin Jarida Zai Koma Gida da Labari a Hannu

Duk zangon karatu, ɗaliban koyon aikin jarida daga Kano, Zariya, Katsina, Gusau da Abuja sukan shigo Kaduna da hantsi, da niyyar haɗa rahoto su koma da yamma. Wasu malami ne ya ba su aiki, wasu kuma suna neman abin da za su nuna wa edita ko a ɗauke su horo. Da yawansu sukan koma da waya cike da hotuna da murya ta awa biyu, amma idan aka zauna rubutu sai a rasa ta inda za a kama. Ƙoƙari kam sun yi. Abin da ya kayar da su shi ne sun zo ganin Kaduna gaba ɗayanta, alhali yini ɗaya tambaya ɗaya kawai yake iya ɗauka.

A fara da lissafin lokaci, domin shi ne yake yanke komai. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, daga Zariya wajen 80. Wanda ya isa tasha a Kano da ƙarfe 6, ya jira mota ta cika, da wuya ya sauka a tashar Kawo da ke Kaduna kafin ƙarfe 10. Kuma ya kamata ya kama hanyar komawa kafin 4 da rabi, kada dare ya riske shi a hanya. Awa 6 ke nan da ɗan ɗoriya. A cire Azahar da La'asar da cin abinci, awa ɗaya ta tafi. A cire zirga-zirga cikin gari, awa ɗaya da rabi in an yi sa'a. A cire zaman jiran wanda ya ce "ga ni nan zuwa". Abin da ya rage na aiki na gaske bai wuce awa 3 ba. A cikinsu za a iya yin hira mai zurfi guda 3, kowacce minti 20, da gajeru 4 ko 5, a ɗauki hotuna, a kuma sami ɗan lokacin tsayawa a zuba ido kawai. Wanda ya tsara fiye da haka zai yi ta gudu ne daga wuri zuwa wuri yana tsintar guntaye.

Saboda haka aikin farko tun a gida ake yin sa, kwana 3 ko 4 kafin tafiya: a matse batun har ya zama tambayar da za ta shiga layi ɗaya. "Halin da matasa suke ciki a Kaduna" taken taro ne, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa da shi. Amma "yaron da aka kai koyon walda Tsohuwar Panteka, shekara nawa yake yi kafin maigidansa ya yaye shi, kuma da me yake fita?" tambaya ce mai wurin zuwa, mai mutanen da za a samu, mai amsar da za a iya ƙirgawa. Zan riƙe wannan misalin har ƙarshe, domin a ganina babu wurin da ya fi Panteka dacewa da mai koyo. Kasuwa ce ta masu aikin hannu, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda 'yan walda da maƙera da kafintoci da masu zubin tukwane da 'yan gwangwan suke aiki, rumfa na jingine da rumfa. Duk wanda kake buƙata yana nan cikin tafiyar ƙafa: maigida, yaronsa, wanda aka yaye bara ya buɗe tasa rumfar, mai saye, da shugabannin ƙungiya. Ga kuma ɓangaren hukuma. NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha, hedikwatarta tana nan Kaduna, kuma ta shiga harkar ba masu sana'ar Panteka takardar shaidar ƙwarewa. Akwai ke nan wanda za a tambaya ko takardar tana isa hannun yaran.

Za ka ji kwaɗayin haɗawa da masaƙun Kakuri tunda ka riga ka zo. Labari ne babba. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL, wasu suka biyo baya irin su UNTL da Arewa Textiles, dubban gidaje suka ci abinci a wurin, sannan a 2002 KTL ta rufe ƙofa, wasu ma suka bi sahu. Har yau akwai tsofaffin ma'aikata a Kakuri da Makera da Nasarawa da bakinsu yake cike da magana. Amma Kakuri tana ƙetaren kogi, kuma irin wannan hirar ba a yin ta a tsaye. Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ajiye shi sai wani zuwan.

Garin kansa ba shi da wuyar ganewa idan ka riƙe layi ɗaya a kai. Daga Kawo a arewa, titin Ali Akilu ne zai sauko da kai, ya miƙa ka ga titin Ahmadu Bello, wanda ya ratsa ta gefen babbar kasuwa ta Sheikh Abubakar Gumi. Daga nan sai shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello, sai gada a kan kogin Kaduna, sai titin Kachia da ya nufi Kakuri, Television da Sabon Tasha. Ta yamma kuma akwai baifas, wato titin Nnamdi Azikiwe, wanda ya zagaye gari ta bayan Kurmin Mashi da Tudun Wada. Idan ka ji yaran mota suna kiran "Kasuwa, Kasuwa", babbar kasuwa suke nufi, kuma a nan ake sauya mota zuwa kusan ko'ina. Mai tahowa daga Abuja yana da jirgin ƙasa, wanda ya fara aiki a 2016 tsakanin tashar Idu a Abuja da ta Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186. Ya sayi tikitin zuwa da na komawa tun kafin ranar, ya duba jadawalin domin yakan sauya, ya kuma sani Rigasa ba tsakiyar gari ba ce: ya ware aƙalla rabin awa, in da cunkoso ya fi haka.

Sunayen unguwanni ne suke ɓatar da baƙo fiye da tituna. Unguwar Rimi daban, Unguwar Romi daban, kuma kogi ne a tsakaninsu. Kabala ba ɗaya ba ce, akwai Kabala Costain, akwai Kabala Doki, akwai Kabala West a can gefen baifas. Ɗan Kano idan ya ji "Sabo" sai ya ɗauka Sabon Gari ne, alhali a Kaduna Sabon Tasha ake nufi. Panteka ma biyu ce, tsohuwa da sabuwa, don haka ka faɗa wa mai keke wacce kake nufi kafin ka hau, ku kuma yanke kuɗi tun a ƙasa. Wasu titunan an sauya musu suna a takarda amma baki bai sauya ba: titin Muhammadu Buhari har yau Waff Road mutane suke ce masa. Sannan ka san birnin yana kwance ne a kan ƙananan hukumomi 4, Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun. Rigasa a Igabi take, Sabon Tasha a Chikun. Ɗalibin da ya rubuta Rigasa a ƙarƙashin Kaduna ta Kudu, edita ɗan gari zai daina yarda da sauran rahotonsa tun daga wannan layin.

Ranar zuwa ma a zaɓe ta. Juma'a rabin yini ce a kasuwa, kuma tun Disambar 2021 gwamnatin jihar ta mayar da ma'aikatanta kan aikin kwana 4 a ofis, Litinin zuwa Alhamis, don haka kada ka ɗora ranka a kan samun jami'in jiha ran Juma'a. Lahadi ofisoshi a rufe, kudancin gari kuma da safe ana coci. Talata kasuwar Kawo take ci, abin da yake nufin cunkoso daidai wurin da za ka sauka ka kuma hau. Laraba ko Alhamis sun fi kwanciyar hankali. In damina ce, musamman Agusta da Satumba, ka sa leda mai kauri a jaka saboda waya da littafi.

Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan sana'ar maganar ba ado ba ce. Kafin ka taso ka sami mutum ɗaya a Kaduna da ya san za ka zo. Garin cike yake da 'yan jarida, domin nan ne jaridar New Nigerian ta fara fita a 1966, nan ne gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa ya fara aiki a 1962, wanda ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna, ga KSMC ta jiha, ga gidaje masu zaman kansu irin su Nagarta da Liberty da Freedom da DITV, ga ofishin ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ. Malaminka ko wani tsohon ɗalibin sashenku ba zai rasa lambar wani ba. Abin da za ka roƙa ƙarami ne: sunan wanda ake fara gani a Panteka, da izinin ka ce "wane ne ya turo ni". Ka kira wancan mutumin kwana 2 kafin zuwa, ka sake kira daren tafiya. Ka faɗi sunanka, makarantarka, abin da kake son sani, inda rahoton zai fita, da minti nawa kake buƙata. Mutane sun fi amsa wa wanda ya ce minti 20 fiye da wanda ya ce "ɗan lokaci kaɗan".

Kayan aiki ba su da yawa. Katin shaidar makaranta, da takardar gabatarwa daga sashenku mai hatimi da lambar wayar malamin da zai ɗauka idan aka kira, kwafi 2. Littafi mai bango mai tauri da za a iya rubutu a kansa a tsaye, biro 2. Waya da aka share mata wuri, domin bidiyo mai kyau yakan ci wajen megabayit 100 a minti ɗaya, kuma babu abin takaici irin wuri ya cika ana tsakiyar magana. Fawabank mai ƙarfin 10,000mAh zai cika waya kusan sau 2, ya isa yini. Abin sauraro na kunne mai igiya. Layi 2 na kamfanoni daban. Kuɗi a hannu, ƙananan takardu, a raba su aljihu 2, kuɗin motar komawa a ware shi kada a taɓa. Takalmi rufaffe, domin ƙasan Panteka guntayen ƙarfe ne da ƙusoshi da wayoyin wuta a shimfiɗe. Kaya kuma na mutunci, marasa jan ido.

Idan ka isa, kada ka ciro waya. Wannan ne kuskuren da ya fi kashe rahoto a kasuwa. Baƙon da ya shigo yana ɗaukar hoto ba sallama, nan take za a ɗauka ko jami'in haraji ne, ko wanda aka turo duba wurin da za a rushe, kuma a Kaduna wannan tsoron yana da tushe, tunda an rushe kasuwanni irin su Kasuwar Barci aka sake gina su a zamanin gwamnatin Nasir El-Rufai. Ka nemi ofishin ƙungiya, ka yi sallama, ka gaisa a natse. Dattijo "Baba" ne ko "Alhaji", shugaba "ranka ya daɗe", mai rumfa "maigida" ko "oga". Ka miƙa takardarka, ka faɗi abin da ya kawo ka cikin jimla biyu. Minti 15 da za ka kashe a nan su ne za su buɗe maka sauran awannin. Sai dai ga inda ake zamewa: shugaba zai haɗa ka da mutum ya zagaya da kai, kuma wannan mutumin zai kai ka ne wurin waɗanda shugaba yake so ka ji. Ka karɓi rakiyar da godiya, ka yi hira ɗaya ko biyu ta hannunsa, sannan ka ce kana so ka ɗan zaga da kanka. Aƙalla mutum 2 daga cikin waɗanda za ka yi magana da su kai za ka zaɓe su.

Naɗar murya a wuri irin Panteka sai da dabara, domin guduma da injin yankan ƙarfe da janareta ba za su tsaya dominka ba. Ka sa wayar a alamar jirgin sama, in ba haka ba kira ɗaya zai yanke naɗin kai ba ka sani ba. Ka ja mutumin taku 10 ko 15 daga injin da ya fi ƙara, kai ka juya wa injin baya, jikinka ya zama katanga. Makirfon waya a ƙasanta yake, shi za ka nufa da bakinsa, tazarar taƙi ɗaya, a ɗan karkace don kada iskar bakinsa ta riƙa bugawa. Kada ka ba shi wayar ya riƙe, zai yi ta juya ta. Ka naɗi daƙiƙa 10, ka saurara da abin kunne, sannan ku fara. Abu na farko da zai shiga naɗin shi ne sunansa, sana'arsa, shekarunsa a cikinta, da amincewarsa a yi amfani da muryarsa. Yana magana kada ka riƙa cewa "eh, haka ne, ƙwarai", ka gyaɗa kai kawai, domin muryarka idan ta hau kan tasa ba ta ciruwa. Da kun gama, ka naɗi minti ɗaya na ƙarar wurin ba magana, ita za ta zama shimfiɗar rahoton idan na rediyo ne. Sannan ka buɗe layi ka tura wa kanka muryar ta imel ko WhatsApp kafin ka matsa. Waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta.

Suna kuwa a ba shi littafi ya rubuta da hannunsa, in ba ya rubutun boko ka rubuta ka karanta masa. Muhammad, Muhammadu da Mamman ba ɗaya ba ne a wurin mai sunan. Da yawa a kasuwa da laƙabi aka san su, ka karɓi duka biyun, ka tambaye shi wanne yake so a buga. Ka karɓi lambar waya, domin tabbas za ka tuna wata tambaya bayan ka koma.

Tambayoyin da suke kawo labari su ne masu neman adadi da masu neman yadda abu ya faru. "Yaya sana'a?" amsarta "alhamdu lillahi" ce, an rufe. Amma "yara nawa ne a hannunka yanzu, nawa ka yaye cikin shekara 5, wanne ne na ƙarshe, me ka ba shi ranar da zai tafi?" dole ya tuna mutum da rana da kaya. Idan ya ce yara 8, ka ɗaga ido ka ƙirga, in 5 ka gani ka tambayi ina sauran. Idan an faɗi farashin ƙarfe, ka tambaya na kilo ne, na tsawo ne, ko na falle, kuma nawa yake bara war haka. Abin da maigida ya ce yana ba yaro na abinci a rana, ka sake tambayar yaron, amma ba a gaban maigidan ba, domin a gabansa ba zai ce komai ba sai godiya. Idan amsoshin sun saɓa, kada ka zaɓi wadda ta fi maka daɗi, ka koma ka sake tambaya, saɓanin kansa wani lokaci shi ne labarin. Yaron da bai kai 18 ba sai da izinin uba ko maigidan da aka danƙa shi a hannunsa, kuma idan ya faɗi abin da zai iya sa a kore shi, ka ɓoye sunansa da fuskarsa. Kai da yamma za ka hau mota, shi gobe a rumfar zai wayi gari. Duk wani babban adadi da shugabannin ƙungiya suka ba ka, na yawan mambobi ko na yaran da ake koyarwa, ka tambaya ko akwai rajista, ka kuma rubuta shi da "in ji", kada ka mayar da shi naka.

Mace mai koyon aikin tana da wata dama da namiji ba shi da ita. Idan rahoton ya buƙaci muryar uwar yaron, ke za a ce ki shigo cikin gida, shi kuwa a zaure zai tsaya. A kasuwar maza irin Panteka kuma ya fi miki sauƙi ki tafi da abokiyar karatu, ɗaya na tambaya ɗaya na riƙe waya, ki kuma tsaya a kan cewa a rumfa za a yi hira, a bainar jama'a.

Hoto a ɗauke shi iri uku a kowane wuri: na nesa da ke nuna layin rumfunan, na tsakiya da ke nuna mutum a bakin aikinsa, na kusa da ke nuna hannu da kayan aiki. In bidiyo ne, kowane ɗauka ka riƙe shi daƙiƙa 10 ba motsi, a kwance in na talabijin ne ko YouTube, a tsaye in na TikTok ne, kuma ka yanke wannan tun a gida. Rana ta kasance a bayanka. Tsakar rana tana sa inuwa a ramin ido, gara ka shigar da mutum bakin rumfa. Kada ka zuba wa hasken walda ido don neman hoto, yana ƙona ido, kuma zafin sai da dare yake tashi, kamar an zuba maka yashi. Ka kalli allon wayar daga gefe, ka ɗauka, ka kau da kai. Wajen tura hotuna ga edita ta WhatsApp ka tura su a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse su su rage kyau.

Akwai wuraren da wayarka za ta zauna a aljihu. Kaduna garin soja ne: hedikwatar Runduna ta Ɗaya tana wajen Kawo, ga makarantar horar da hafsoshi ta NDA, ga sansanin sojan sama a Mando, ga masana'antar makamai ta DICON a Kakuri. Ka haɗa da Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnati, da duk wani shingen bincike. Ko ta tagar mota kada ka ɗauka. Idan jami'i ya tsayar da kai, kada ka yi gardama, kada ka kira kanka abin da ba ka kai ba. Ka ce kai ɗalibi ne, ka nuna kati da takarda, ka nemi a kira malaminka. Shi ya sa tun da safe ya kamata wani a gida ya san inda za ka, da lokacin da zai ji daga gare ka.

Abin da na fi so mai koyo ya riƙe game da Kaduna shi ne nauyin kalma a wannan garin. Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwambar 2002 sun ci rayuka masu yawa, sun kuma sauya zaman garin, har ya zama galibin Musulmi suna arewacin kogi, galibin Kirista suna kudu. Na 2002 wani rubutu ne a jarida kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya kunna shi, aka ƙona ofishin jaridar a nan Kaduna, mutum fiye da 200 suka mutu. Mutanen garin sun sha wuya kafin su kai ga zaman da suke yi yanzu, kuma a kasuwa irin Panteka za ka tarar da ƙabilu da addinai suna aiki tare, Hausa ce take haɗa su. Saboda haka kada ka tambayi mutum addininsa ko ƙabilarsa idan rahoton bai buƙata ba, kada kuma ka sa su a rubutu don ƙawa. Kada ka ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne, Gbagyi ma sun riga birnin zama a wurin. "Sannu da aiki" gaisuwa ce da ta shiga ko'ina. Faɗan mutum biyu a kan kuɗin aiki ba "rikici" ba ne. Idan kana cikin gari ka ji jita-jita, ko ka ga ana rufe shaguna, ba lokacin sa wa a Facebook ba ne. Ka kira ɗan garinka, ka bi abin da ya ce, ka nufi tasha.

Maganar kuɗi takan zo ta fuska biyu. Wani zai ce sai ka ba shi wani abu kafin ya yi magana. Ka ba shi haƙuri ka nemi wani, domin maganar da aka saya mai ita yakan ƙara mata gishiri daidai kuɗin. Wani kuma, musamman mai muƙami, zai miƙo maka "kuɗin mota" idan kun gama. Ga ɗalibin da aljihunsa ya yi ƙasa abin yana da wuyar mayarwa, na sani, amma da ka karɓa, duk layin da zai ɓata masa rai hannunka zai yi nauyi a kansa. Ka ce, "Na gode ranka ya daɗe, makaranta ta hana mu." Ba wanda zai ji haushin wannan. Ruwa ko shayi da aka ba ka a rumfa kuwa ka sha, ƙin sa ne rashin ladabi.

Ɓangaren hukuma shi ne mafi wuyar samu a yini ɗaya. Ma'aikacin gwamnati ba ya magana da ɗan jarida sai da izinin na gaba da shi, don haka jami'in hulɗa da jama'a za ka nema, kuma gara ka aika masa tambayoyinka a rubuce tun kafin ka zo. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, abin da yake nufin ba ta da amfani ga wanda ya tuna da ita ranar tafiya. Idan ba ka same shi ba, ka rubuta a littafi ƙarfe nawa ka kira, sau nawa, da saƙon da ka tura. A rahoto kuma ka bambance "ya ƙi cewa komai" da "ba mu same shi ba har lokacin haɗa rahoton". Na farko zargi ne, sai ka tabbata ya ji tambayar ya ƙi.

Gidan Arewa da ke titin Rabah, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna har aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, taskoki ne ga mai rahoton tarihi, amma kowannensu yininsa daban.

Da ƙarfe 3 ka daina tambaya, ka sami benci ka zauna minti 10. Ka gwada faɗa wa kanka labarin cikin jimla biyu. In ya faɗu, ka duba wace murya ce babu: ka ji masu gida 3 amma ba ka ji wanda aka yaye ba? Kana da adadin shekarun koyo daga baki ɗaya tak? Awar da ta rage a kan wannan giɓin za ta tafi, ba a kan sabon abu ba. Ka koma ofishin ƙungiya ka yi sallama da godiya kafin ka fita, ka yi La'asar, ka nufi Kawo da wuri domin cunkoson yamma yana farawa da tashin ma'aikata. A cikin tasha ka hau mota, ba a bakin titi ba, ko da ta bakin titi ta fi araha.

A mota, tun ƙwaƙwalwa tana da ɗumi, ka rubuta abubuwa 5 da ka gani waɗanda naɗi bai kama ba: tabon ƙuna a hannun yaron, gilashin walda da aka ɗaure da roba, yadda rumfa ta yi tsit da aka ɗauke wuta, in dai ka ga hakan da idonka. Kwafe murya ta awa ɗaya zuwa rubutu yakan ci awa 3 zuwa 4, don haka wanda ya riƙa rubuta minti a gefen littafi lokacin hira, ya sa alama inda aka faɗi magana mai nauyi, ya rage wa kansa rabin wahala. Kada ka buɗe rahoton da tarihin garin gwamna da zuwan Gwamna Lugga na Turawan mulkin mallaka, ka buɗe da mutum a bakin aikinsa da amsar tambayarka. Mutum 7 ka yi magana da su, to kada ka rubuta "mutanen Kaduna sun ce", ka rubuta su wane ne suka ce. Kafin ka miƙa wa malami ko edita, ka kira mutum 2 daga cikinsu ka karanta musu sunansu da adadin da ka rubuta daga bakinsu. Ranar da ya fita kuma ka tura wa shugaban ƙungiya da maigidan da ya ba ka benci, in na rediyo ne ka faɗa musu tasha da ƙarfe nawa za a sa.